Yadda Muka Shayar da Duwatsun Tawa Madara

Jama'a, ku yi mini barka, na samu aikin gwamnati. Ba albashi, ba kaki, ba kujera, amma dai aiki ne, kuma ran Talatar makon jiya na dawo gida da shaidarsa tun daga gemu har tafin ƙafa. Fari fat nake, ƙudaje sun yi mini rakiya tun daga bakin hanya, wata kyanwa ma ta biyo ni har zaure tana lasar ƙafata. Hajaratu, uwargidana, ta leƙo daga madafa ta dube ni sama da ƙasa.

"Malam, cikin mi kah hwaɗa?"

"Cikin abincin angonki," na ce mata.

Ba ta yi dariya ba. Ni ma ban faɗa don a yi dariya ba.

Bari in koma baya, don wanda bai san gidana ba. Ni ne Yunusu tela, mai keken ɗinki a gefen kasuwa. Angon Hajaratu kuwa jikanmu ne Lawali, ɗan ɗiyarmu Larai da ke aure a Bambeye. Bai cika shekara biyu ba ciki ya riski uwarsa, ubansa kuma ya tafi biɗar kuɗi can Kurmi, sai aka ɗauko shi bisa jaki aka kawo mana yaye, kamar yadda aka saba. Ranar da ya zo kumatunsa har rawa suke. Ya ja gemuna, ya ƙwace mini mata, ya yi fitsari a kan buzun sallata, duk a wuni ɗaya. Na ce to, mun yi baƙo.

Sai dai yaye a tsakiyar bazara ba wasa ba ne. Shanu sun yi kudu, masu tallan nono sun ɓace daga kasuwa. Yaro ya ƙi kunu, ya ƙi fura, tuwo kuwa ko kallo. Bakinsa nono ya sani, nono yake nema. Zawo ya shigo, kumatun nan suka zube, layar wuyansa ta fara yi masa yawa. Da ya daina jan gemuna, sai tsoro ya kama ni, tsoro na gaske, irin wanda ke hana mutum zura zare a allura.

Muka kai shi wurin Madam Bilkisu, ungozomar likita da aka turo mana daga gabas. Ta ja fatar cikinsa ta saki. Ta ce a tafasa duk ruwan da zai sha, a dama kunu da gujiya, a wanke ƙoƙo da cokali kafin a ba shi, kuma kada mu yarda da kwalbar nan mai robar tsotso da matan ma'aikata ke yayi, don ba ta wankuwa. Ta ce in da za a samu ɗan madara a zuba cikin kunun, zai ji ƙamshin abin da ya sani ya karɓa.

Na ce, "Madam, ai an ce kamyo, babbar motar kaya, ya kawo madarar gari, kado, kyauta daga ƙasashen waje, don yara irin wanga."

Ta ce, "Baba, ni ma da idona na ga ana saukewa. Tana mangaza, ɗakin ajiyar gwamnati. Makulli ba ya hannuna."

Nan na fara zarya. Makulli yana hannun wani bawan Allah da zan kira Ranka Ya Daɗe Mai Makulli, mutum mai tsoron Allah da tsoron na sama da shi, na biyun ya ɗan fi. Na je biro, wato ofishinsa, aka ce ya tafi turne, wato rangadi, wajen Barmu. Na koma, aka ce ya dawo amma yana hutun turne. Na sake komawa, planto, masinjansa, ya ce yana ciki, sai dai yana tunani. Da Allah ya haɗa mu a bakin motarsa, na durƙusa na gaishe shi, na faɗa masa halin da Lawali ke ciki. Ya saurare ni har ƙarshe, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Sa'an nan ya ce madarar nan ba a taɓa ta sai Babban Baƙo ya zo daga sama ya yanke ƙyalle a ƙofar mangaza, an ɗauki foto.

"Ranka shi daɗe, yaushe za shi zowa?"

"Ba da daɗewa ba."

"To, zawon yaron hwa? In ce mishi shi dakata?"

Ya ce in yi haƙuri, ƙasa sabuwa ce, komai sai da tsari. Gaskiya ne. Da can Nasara ke hana mu abu da harshen da ba mu ji. Yanzu mun samu mulkin kai, ɗan'uwanka ne zai hana ka da Hausa garau, har ya tambaye ka mutanen gida.

Ana nan sai mai shela ya zaga gari: Babban Baƙo na tafe ran Asabar, kowane gida ya ba da namiji ɗaya don gyaran hanya. Kun san al'adarmu. Babba ba ya shiga gari sai an jera duwatsu dama da hagu tun daga bayan gari, an shafe su da farar ƙasa, haka ma gindin kowane bedi, itacen da wasu ke kira dogon yaro. Ban san abin da farin dutse ke yi wa idon manya ba, amma da alama ba su ganin hanya sai da shi. Gidana ba namiji sai ni da Lawali, shi kuwa ba ya iya tsayuwa, don haka na rufe keke na tafi.

Muka jera duwatsu har rana ta take. Farar ƙasa ba ta zo ba. Aka ce kamyon da ke ɗauke da ita ya lalace a hanya, ko kuma ba a taɓa ɗora ta ba, ya danganta da wanda ka tambaya. Manya suka taru a inuwa, suka haɗa kai, suka yi ta goge gumi. Can sai na ga Ranka Ya Daɗe ya sa hannu a aljihu. Makullin nan da na yi ta bi har takalmina ya tsinke, ga shi ya fito da kansa, ba ƙyalle, ba foto.

Aka turo buhuna a amalanke. Aka kawo rabin tano, wato duro, da aka taɓa zuba man gazuwal a ciki, aka cika shi da ruwan tabkin da jakuna ke sha, aka farke buhu aka juye, aka dama da sanda. Kowa aka miƙa masa tsintsiyar kaba. Maƙwabcina Ma'azu, wanda ba abin da ke wuce hancinsa, ya sunkuya ya shinshina, ya dangwala yatsa ya kai baki.

"Yunusu, wagga hwarar ƙasa da gardi take. Aradu madara ta!"

"Rufe bakinka," in ji Sule gardi, dogarin gwamnati. "An ce hwarar ƙasa ta, hwarar ƙasa ta."

Jama'a, na yi shekaru a duniya, na ga fari na ga yunwa, amma ban taɓa jin abin da na ji ba sa'ad da na tsoma tsintsiya cikin abincin jikana na shafa wa dutse. Na duba tanon nan, na ce ko in ɗiba a hulata in ruga gida, sai na ga mai yana yawo a sama, ga kashin jaki yana juyi, na tuna maganar Madam. Wannan in ya shiga cikin Lawali, sai dai a ɗauko fartanyar haƙa kabari. Na matsa wurin buhun da ba a jiƙa ba, na ce, "Sule, don girman Allah, cikin tahin hannu guda." Ya ce kayan gwamnati ne, in na taɓa zan kwana a kaso, wato kurkuku. Ya faɗa yana kallon ƙasa, don shi ma yana da na goye a gida.

To, a nan dole in yaba. Duwatsun sun yi kyau. Wallahi tun da aka kafa Tawa ba a taɓa ganin duwatsu masu ƙoshin lafiya irin waɗannan ba. Da Madam ta ɗora su a sikelinta da ta ba su lambar yabo.

Abu ɗaya manya suka manta, shi ne ba su yi shawara da awaki ba. Da gari ya waye, duk akuyar da ke Tawa tana bakin hanya, kowace da dutsenta. Tumaki suka zo, karnuka suka zo, har wani raƙumin Buzu da ya sauka daga Takanamat ya tsaya yana lasar gindin bedi, mai shi na ja yana ƙi. Kafin hantsi duwatsu sun koma jajaye kamar yadda Allah ya halicce su. Aka sake kiranmu, aka sake farke buhuna. Washegari haka. Daga nan aka zuba gardawa, kowane da kulki, suna gadin duwatsu. Ma'azu ya ce shi bai taɓa ganin an tsare yaro daga yunwa da gardi ko ɗaya ba, amma ga dutse da dogari.

Ran Juma'a da la'asar buhu na ƙarshe ya tafi. Sai aka tuna Babban Baƙo zai leƙa mangaza. Mu ɗin dai aka sa muka cika buhunan da rairayi, muka ɗinke, muka jera har rufi. Ni tela ne, ɗinkin bakin buhunan nan nawa ne, kuma ban yi ha'inci ba.

Ran Asabar aka jera ƴan lakwal, yaran makaranta, cikin rana tun da safe. Aka ce mata su zo da jarirai, masu kumatu a gaba, irin su Lawali a baya can wajen katanga, kada su ɓata foto. Baƙo ya iso bayan azahar. Ya yi jawabi da Faransanci, tafinta ya juya mana: yara su ne arzikin ƙasa, daga yau ba yaron ƙasar nan tamu ta Adar da zai kwana da yunwa. Muka tafa. Ya yanke ƙyalle, ya leƙa daga bakin ƙofa, ya ga buhuna har sama, ya gyaɗa kai. Ya ce bai taɓa shiga gari mai tsabta da ƙamshi kamar namu ba. Aka maida ƙofa aka rufe, aka ce za a fara rabo idan tsari ya fito. Motoci suka juya, gardawa suka bi su.

Hajaratu na tsaye a bayan taro da yaron a kafaɗa, kansa ya langaɓe. Ta miƙo mini shi, ta wuce gida da sauri, sai ga ta ta fito janye da jar akuyarmu, wadda ta haihu kwanan baya amma bazara ta tsotse ta har ɗanta ma ba ya samun na kirki. Duk kwanakin nan a ɗaure take don tsoron kulkin gardawa. Ta kai ta dutsen farko ta tsaya. Da akuyar ta gama lasa, Hajaratu ta ja ta zuwa na biyu.

"Hajaratu, mutane na kallo."

"Su kalla. Rabon angona na, ta hanyar da ankab bi da shi za ni bi in amso."

Haka ta yi ta yi safe da yamma, tana riga sauran awaki zuwa inda shafin ya fi kauri. Ni ba likitan dabbobi ba ne, ba zan rantse muku cewa dutse ne ya kawo nono ba. Abin da na gani shi ne, bayan ƴan kwanaki hantsar akuyar nan ta ɗan sauko. Hajaratu ta wanke hannu ta tatsa, ta tafasa, ta zuba cikin kunun gujiya, ta ɗauki cokali. Lawali ya kau da kai kamar kullum. Sai ya tsaya, ya shinshina, ya buɗe baki. Ya haɗiye na farko, ya haɗiye na biyu, ya kama hannunta da kansa ya jawo. Na fita zaure na zauna, don bai kamata jika ya ga kakansa na hawaye ba.

Saboda haka kada in ji wani ɗan gulma ya ce madarar gwamnati ba ta kai ga yaran Tawa ba. Ta kai. Daga mangaza zuwa tano, daga tano zuwa dutse, daga dutse zuwa akuya, daga akuya zuwa Lawali. A cikin duk ma'aikatan da ta bi ta hannunsu, akuyar ce kaɗai ba ta ce in dawo gobe ba.

Sai dai jiya Ciɗo, wata maƙwabciyarmu da ba ta da ko kaza, ta yi sallama da ƙoƙo a hannu da ɗiyarta a baya, wuyan yarinyar kamar sillen kara. Hajaratu ta raba abin da ta tatsa biyu. Ba zai ishi yara biyu ba, dukanmu mun sani, kuma duwatsun an lashe su tas, damina da saura.

Don haka nake roƙon manyanmu na sama, Allah ya ƙara musu girma, in akwai wani Babban Baƙo da ba shi da abin yi, ko ƙarami ne ma, a turo mana shi da wuri. Mu za mu jera duwatsun. Farar ƙasa kuwa, don Allah kada a wahalar da kai wajen gyara kamyon.