A Aika wa Jan-baki Sammaci

Jiya na wuni a bakin kotu, ƙishirwa kamar ta kashe ni, ina jiran a kira ni shaida. Wanda ake tuhuma maƙwabcina ne Wada, mutumin da ko kaza ba ya iya yankawa. Laifinsa, ya harba bindiga ba izini.

Bana fari ya ƙone gonakin garinmu Turba kaf. 'Yar gonar Wada ta bakin fadama kaɗai ta fitar da zangarniya, ita ce abincin mutum tara. Sai ga jan-baki, tsuntsayen nan masu cin gero, sun taso kamar hadarin da muke roƙo. Wada ya buga gwangwani, ya yi ihu har muryarsa ta dushe. Da dabara ta ƙare, ya ɗauko bindigar tokar kakansa, ya ɗura albarushi, ya saki sama. Tsuntsaye suka watse, Wada ya faɗi zaune, jakina ya tsinke igiya, sai a Tozai aka tsinto shi.

Kafin la'asar masu kaki sun iso. Allah ya saka musu da alheri. Shekara biyu motar agajin hatsi ta kasa gane hanyar garinmu, amma ƙara ɗaya ta nuna musu ita.

Kwana huɗu Wada yana tsare. A rana ta uku Mai Girma Uban Talakawa ya zo ƙaddamar da Kwamitin Yaƙi da Jan-baki, aka kafa rumfa dab da ƙayar da tsuntsayen ke fakewa. Masu tsaronsa suka yi masa maraba da harbi ashirin da ɗaya. Jan-baki suka tashi gaba ɗaya, ba su zarce ko'ina ba sai gonar Wada, inda matarsa Fatu ke tsaye ita kaɗai da gwangwani. Mai Girma ya duba ƙayar, ya ce a tafa, an kori tsuntsaye.

A kotu alƙali ya tambayi Wada, "Wa ka harba?"

"Ranka shi daɗe, ban harbi kowa ba. Babu ko dalma cikinta."

"Ina lasisinka?"

"Ta kakana ta. Shi kau ya rasu ba a hwara lasisi ba."

Aka ƙwace bindiga, aka yanke masa ɗaurin wata uku ko biyan tara. Doka doka ce, ni ma ba na son kowa ya riƙa ɓarin wuta a gari. Alƙali ma ya tausaya, ya ce ya biya bayan girbi.

Da muka dawo, Wada ya tsaya a gona, kara tsirara ba ko ƙwaya. Wallahi na ji hawaye.

"Mi za ni ba yara?" in ji shi.

Amma batun tara, tunda an ce bayan girbi, ina roƙon masu girma su aika wa waɗanda suka girbe sammaci.