Ranar da Malamai Suka Ce Amin ga Japanancina

Ba zan taɓa mantawa da ranar sunan jikan Alhaji Sule Mai Atamfa ba, kuma ko na so in manta, tsofaffin unguwarmu ta Jambutu ba za su bar ni ba. Har yau akwai waɗanda ba su san sunana na yanka ba. Okite kawai suke kirana, jikokina kuwa sun ɗauka wata sarauta ce.

Zamanin Shugaba Ahijo ne, ina saurayi a Garwa, ina tsaron kantin kawuna na kayan keke. Lekkol, wato makarantar boko, ta riga ta sallame ni (ni dai cewa nake na bari, amma gaskiya jarrabawar sartifika ce ta yi ta kayar da ni har na haƙura). Faransancina na kasuwa ne, Fulatancina na kowa da kowa ne, ba ni da abin da zan ɗaga kai da shi. Ga shi ina son Dije, 'yar Alhaji Sule, ita ma tana sona. Manyana sun kai gaisuwa, Alhaji ya ce a ba shi lokaci ya duba, don akwai wani komi, wato akawun gwamnati, mai farar riga da alƙalami a aljihu da shi ma ya turo nasa manyan. Wannan dubawar ita ta tsaya mini a rai.

Ana cikin haka Allah ya kawo wani Bajapane, Tanaka, wanda ya zo haɗa injuna a wata masana'anta a bayan gari. Bakin mutanenmu bai iya Tanaka ba, nan take aka mayar da shi Malam Tanko. Da keke yake yawo, tayarsa kuma ba ta jituwa da ƙayar Garwa, don haka kusan kullum yana kantinmu. Muka yi yarjejeniya: in koya masa Hausa, ya koya mini Japananci.

Shi ya riƙe alkawari da gaske. Wajen mai shayi Hausa, wajen mahauta Hausa, ko tsohuwa mai ƙosai ya gani sai ya tsaya ya gaishe ta ya tambayi sunan wani abu. Ni kuwa darasi ɗaya ne ya shiga kaina, shi ma don ya yi mini daɗi a baki ne. Ya ce a harshensu idan za ka jera ayyuka ba ka rufe kowanne, sai ka lanƙwasa ƙarshensa ya zama te, wani lokacin de, ka ɗaura na gaba a kai. Aikin ƙarshe ne kaɗai ke rufe magana. Ya ɗauki sarƙar keke a kan tebur yana nuna mini yadda kowane ido ke riƙe da ɗan'uwansa, sannan ya jera mini abin da mutum ke yi da safe. Okite, ka tashi. Kawo o aratte, ka wanke fuska. Benjo ni itte, ka shiga bayan gida. Oca o nonde, ka sha shayi. Jitensha ni notte, ka hau keke. Sai a rufe da shigoto ni ikimasu, a tafi aiki.

"In ka ce te," in ji shi da Hausarsa mai tsalle-tsalle, "akwai saura. Mutum yana jira."

Ban saurari wannan ba. Na haddace sarƙar nan kamar karatu, na dinga zuba ta a kasuwa, a bakin masallaci, har a zance wajen Dije. Kafin wani lokaci labari ya gama unguwa cewa yaron kantin keke ya iya Japananci kamar a can aka haife shi. Ban ƙaryata ba. Ni ne ma na ƙara da cewa Malam Tanko ba ya iya komai a Garwa sai da ni.

Da sunan ya zo, ni da kaina na gayyato Malam Tanko, don Alhaji ya ga irin mutanen da nake hulɗa da su. Da sanyin safiya ƙofar gida ta cika: malamai a kan tabarmi, 'yan kasuwa, komin nan da farar rigarsa a gefe, mata kuma a bayan zana suna leƙe (na san Dije na cikinsu, na ga gefen kallabinta). Aka raba goro, aka yi addu'a, sanƙira ya shelanta suna. Shi sanƙiran Alhaji, aikinsa ke nan: duk abin da babba ya faɗa a hankali, shi zai ɗaga shi da ƙarfi kowa ya ji, kuma bai taɓa sauke kalma ɗaya ba.

Sai Alhaji ya dube ni ya ce, "Yaro, baƙon nan ya zo mana daga nesa. Tashi ka yi masa maraba da harshensu, ka gaya masa mun gode, ka roƙa masa albarka."

Maraba? Albarka? Ban san ko ɗaya ba. Abin da ya kamata in ce a lokacin gajere ne, amma na hango komi yana murmushi, na hango kallabin nan a bayan zana. Na miƙe, na gyara hula, na ɗaga hannuwa sama don abin ya yi kama da roƙon albarka.

"Okite!" na ce.

"Okiteee!" in ji sanƙira.

Muryata ta tsaya a sama kamar ta mai jan addu'a, hannuwana kuma a ɗage. Wani tsohon malami ya ɗaga nasa ya ce amin. Shi ke nan, taro ya ɗauka.

"Kawo o aratte!"

"Amin!"

"Benjo ni itte!"

"Amin, ya Allah!"

Wallahi daɗi ya kama ni. Tun da nake ban taɓa magana dattawa sun amsa mini haka ba. Da na iso kan keke, saura in rufe in zauna, sai na ga ai jawabin ya yi gajarta ga mutumin da aka ce ya iya harshe. Na koma farko. Na sake tashi daga barci, na sake wanke fuska, na sake shiga inda na shiga. Na kuma komawa. Ina ta zagaye kamar jakin da aka ɗaure a turke, gumi na zuba, malamai na shafawa, Malam Tanko kuwa ya sunkuyar da kai yana kallon tabarma. Ni a zatona Japanancina ne ya ratsa shi.

Da ƙyar na rufe. Alhaji ya yi murna har ya yi mini godiya da Fulatanci, "useko," ya ƙara da "ɗana." Ɗana fa! Na zauna ina jin Dije ta zama tawa.

Sai ya juya wajen baƙo. "Malam Tanko, an ce kana jin Hausa. Me yaron nan ya roƙa mana? Mu ma mu ji abin da muka ce wa amin."

Bawan Allah ya dube ni, ya dubi Alhaji. Na ga yana so ya rufa mini asiri, amma dattijo ya tambaye shi a gaban jama'a, shi kuma bai iya ƙarya ba. Ya rusuna, ya yi ƙasa da murya yadda Alhaji kaɗai zai ji. Ya manta da sanƙira.

"Ya ce ya tashi, ya wanke fuska."

"Ya ce ya tashi, ya wanke fuska!" Har tsallaken titi an ji.

"Ya shiga bayan gida."

"Ya shiga bayan gida!"

"Ya sha shayi, ya hau keke. Ya sake tashi. Ya sake shiga bayan gida."

"Jama'a, ya sake shiga!"

Dariyar daga bayan zana ta fara, sannan ta mamaye maza. Tsohon malamin da ya fara cewa amin bai yi dariya ba, hannuwansa kawai ya duba, ya goge su a riga. Wannan ya fi komai yi mini ciwo. Na so ƙasa ta tsage in shige. Ko takalmina ban tsaya nema ba, haka na isa gida ƙafa ba komai.

Washegari Alhaji ya aika a kira ni. Ya zaunar da ni a zaure, bai ɗaga murya ba.

"Yaro, ni ma ban iya Japananci ba, kuma ban ji kunyar hakan ba. Da ka ce 'Baba, ban iya ba,' da yau ana maganar sa rana. Amma wanda zai sa malamai su ɗaga hannu a kan abin da ya san ba addu'a ba ne, don kada a ce bai sani ba, me zai gaya wa 'yata ranar da babu hatsi a gidansa?"

Na rusuna, na tashi na fita.

Dije ta auri komi, suka koma Maruwa. Malam Tanko ya zo kanti yana ta rusunawa yana ba ni haƙuri, abin da ya ƙara mini kunya, tunda laifinsa ɗaya ne: ya koyi abin da na koya masa.

Bayan shekaru da yawa na haɗu da ita a kasuwar Maruwa wajen dukawa, da 'ya'yanta manya. Muka gaisa. Har ta juya za ta tafi, sai ta waiwayo ta ce, "Malam Okite, an dai fito lafiya?"

Na ce an fito, alhamdu lillahi.

Tun daga ranar sunan nan, in aka tambaye ni abin da ban sani ba, cewa nake ban iya ba, in ja bakina in yi shiru. Na lura ita wannan maganar ba a ɗaura mata komai a baya, kuma ba wanda ya taɓa neman a fassara masa ita.