Gadon Kife a Bakin Famfo

Jiya da azahar na shigo gida gaban rigata duk ƙasa, daga wuya har gwiwa, bayanta kuwa fes kamar yanzu aka karɓo ta daga wajen mai guga. Mai ɗakina Zulfa ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malam, faɗuwa ka yi?" Na ce a'a, gaisuwa na yi. Ta ce ita tun da take ba ta taɓa ganin gaisuwar da ake yi da ciki ba. Na ce ta miƙo mini tabarma, bayanin da ɗan tsawo. Ku ma masu karatu sai ku gyara zama.

Famfon tuƙa-tuƙan unguwarmu ya mutu tun kafin damunar bara ta ɗauke. A nan Daura fa, garin da tarihinsa ya soma a bakin rijiya. Macijin nan da ake ba mu labari, duk muguntarsa, an ce yakan bari a ɗebi ruwa ranar Juma'a. Famfonmu ko Juma'ar bai sani ba.

Wanda abin ya fi ci shi ne maƙwabcina Maiturare, dattijon nan mai sayar da turaren wuta a kasuwa. 'Ya'yansa duk sun yi aure sun watse, daga shi sai matarsa Kulu, 'yan ga-ruwa kuma sun fi ƙarfin aljihunsa. Su biyun ke jigilar jarka daga wata unguwa, har bayan Kulu ya soma lanƙwashewa. Rannan ta ajiye jarkar a tsakar gida ta gaya masa magana ɗaya: in ruwa bai dawo ba, za ta tafi Baure gidan yayanta, inda rijiya ke cikin gida, ta zauna sai abin da hali ya yi. Kulu ba ta yin barazana. Har ta ɗaure kayanta ta jingine a bayan ƙofa, kullum Maiturare sai ya tsallake ƙullin nan kafin ya fita masallaci. Tausayinsa ya kama ni sosai, don mutumin nan ko shayi bai iya dafawa ba, kuma ba shayin ne damuwarsa ba.

Sai unguwa ta naɗa shi ya jagorance mu zuwa wajen wani babba. Ba zan faɗi sunansa ko ofishinsa ba. Mu dai Mai Girma Baban Alkawari muke ce masa, Allah ya ƙara masa yawan alkawari.

A nan aka yi kuskuren, don Maiturare mutum ne mai kunya irin ta da. Ko gishiri zai ara, sai ya tambayi lafiyar kakarka tukuna. Kun kuma san al'adarmu, ba a faɗa wa babba buƙata gatsau. Kewayawa ake yi, a ajiye masa bakin zaren, shi kuma ya ja. Muka durƙusa, Maiturare ya ce, "Ranka ya daɗe, gaisuwa muka kawo. Lafiya lau muke albarkacinka. Sai dai baya. Bayan matanmu ya ƙage, namu ma ya bi sahu."

Ya tsaya yana jira a ce, "Subhanallahi, me ya jawo?" shi kuma ya ce ɗaukar ruwa. Amma Mai Girma na latsa waya. Ya ɗago kai ya dubi mai tsara masa harkoki, wani dogo mai suna Abdulbaƙi, ya ce, "Ka ji ko? Baya." Abdulbaƙi ya ce ya ji. Aka yi addu'a, muka shafa. A hanya Maiturare yana ta ce mini, "Ai ya gane. Babba ne, ba sai an fasa masa ba."

Ba a jima ba mota ta sauke wani dogon kwali a bakin famfo. Mata suka rangaɗa guɗa, don kowa ya ɗauka bututu ne. Aka kira Uzoma, mai shagon kayan gyaran babur a bakin titi, wanda ya daɗe a garin nan har Hausarsa ta fi ta wasunmu gishiri. Ya dubi hoton da ke jikin kwalin, ya dube mu, ya haɗa abin. Da ya gama sai ga wani siririn gado bisa ƙafafun ƙarfe, yana rinjaya gaba da baya kamar sikeli, da wani abu kamar mari a wajen ƙafa.

Maiturare ya kewaya shi ya ce, "Uzoma, ta ina ruwan ke fitowa?"

"Baba, ba ya ba da ruwa. Na motsa jiki ne. Kwanciya za ka yi, a maƙale maka idon sawu, a juya ka, kai ƙasa ƙafa sama. Wai yana miƙar da baya."

"Kamar jemage?"

"Kamar jemage, Baba."

Kafin la'asar unguwa ta raɗa masa suna gadon kife. Kulu ta zo ta kalle shi, ta koma gida ta ƙara ɗaure ƙullinta.

Ni kam na yaba. A ƙasar da ake kai kuka shekara da shekaru ba a ji, mu mun faɗi kalma ɗaya an kawo mana maganinta daga ƙasar waje. Laifinmu ne da ba mu zaɓi kalmar da kyau ba. Da ciwon kai muka ce, wa ya san abin da za a sauke mana?

Jiya aka yi bikin ƙaddamarwa. An kafa rumfa, an jera kujerun roba, an rufe mataccen famfon da wani ƙyalle mai kyau don kada ya ɓata hoto. Mai Girma ya iso cikin babbar riga mai sitaci, ya yi jawabi a kan lafiyar al'umma, sannan ya ce shi jagora ne, shi zai fara hawa. Akwai wata igiya a ƙarƙashin gadon wadda ke hana shi juyawa gaba ɗaya. Abdulbaƙi ya tambayi amfaninta, Uzoma ya ce iyaka ce. Abdulbaƙi ya ɓata rai ya ce Mai Girma ba a yi masa iyaka, ya kwance ta ya jefar.

Aka maƙale ƙafafu. Mai Girma ya ɗaga hannu biyu zai gaida jama'a, gado kuwa ya tafi da shi luu, ya tsaya cak, kai ƙasa. Hula ta gangara ta nufi wajen mata. Babbar riga ta zubo ta rufe fuska, sai wando da safa ke kallon sama.

To, ga inda gaisuwar ciki ta samo asali. Kowa ya san ba a barin kai ya fi na babba tsawo, shi ya sa ake durƙusawa. Yanzu kan Mai Girma bai fi taƙi ɗaya daga ƙasa ba. Abdulbaƙi ya durƙusa, ya ga har yanzu ya fi shi. Ya yi zaman raƙumi, bai isa ba. Sai ya miƙe rub da ciki. 'Yan rakiya suka bi. Mu kuma talakawa wa zai tsaya ƙiƙam manya na kwance? Duk muka baje. Mai ɗaukar hoto ma daga kwance ya ci gaba da aikinsa, maroƙi na kwance yana cewa ko a kife babba babba ne.

Uzoma, daga inda yake kwance kusa da ni, ya ce a hankali, "Sai fa wani ya tashi ya danna wajen ƙafar." Babu wanda ya motsa. Tashin nan na nufin ka tsaya a kan Mai Girma, ka kuma kama masa ƙafa a bainar jama'a. Kowa ya ga gara wani ya yi.

Can daga cikin rigar muka ji murya ta shaƙe tana cewa, "Ruwa."

Aka dubi juna a kwance. Ruwan roban Mai Girma na cikin mota, direba kuma ya tafi da motar layin mai tun da aka sauke shi, kun kuwa san wanda ya shiga layin nan sai dai a yi masa fatan alheri. Muryar ta sake cewa, "Ku ba ni ruwa. Ba ga famfo nan ba?" Ashe ta ƙasan rigar yana hango gindin famfon da ƙyallen bai rufe ba, da jarkokin da aka tura bayan rumfa.

Maiturare ne ya fi kusa da kansa. Na ga leɓensa na motsi, na san gaisuwa yake shirin farawa. Ya waiwaya wajen mata. Su ba su kwanta ba, suna tsaye daga gefe, Kulu na gaba riƙe da hular Mai Girma, ta zuba wa mijinta ido. Sai dattijon nan ya ja ciki ya matsa, ya ɗaga gefen rigar kamar mai leƙa ɗaki, ya ce, "Ranka ya daɗe, babu ruwa. Famfon ya mutu tun bara. Ɗaukar ruwa ce ta kashe mana baya. Abin da muka je faɗa maka ke nan."

Tun da nake da shi ban taɓa jin ya yi magana ba kwana-kwana ba sai ran nan.

Mai Girma ya ce, "To me ya hana ku faɗa?"

"Mun jira ka tambaya ne, ranka ya daɗe."

"Na ji. Za a duba. Ku tashe ni."

Maiturare ya yunƙura zai tashi, sai muryar Kulu ta ratso taron, ba da ƙarfi ba: "Malam, tambaye shi yaushe, tun yana ƙasa."

Maiturare ya koma ya kwanta. "Ranka ya daɗe, wai yaushe?"

"Yau," in ji rigar.

Maiturare da Uzoma suka tashi suka danna, Mai Girma ya dawo daidai, idanu jajur. Kulu ta aiko masa da hularsa, ta karkaɗe ta tsaf. Kafin magariba masu gyara sun zo, ashe wata 'yar roba ce ta cinye a ciki. Yau da safe da na fita, Kulu na bakin famfo tana tuƙawa, ta yafa mayafin nan da na san yana cikin ƙullin Baure. Maiturare na tsaye gefe riƙe da jarka, yana ta gaida duk wanda ya wuce har da wanda bai sani ba.

Gadon kife yana nan inda aka bar shi. Abdulbaƙi ya aiko a mayar da shi ofis, unguwa ta ce a yi haƙuri, kyautar babba ba a mayarwa. Mun sa Uzoma ya shafa masa mai, ya rufe shi da leda. Wutar lantarkinmu ma ta daɗe da ɗaukewa, kuma mun ji an ce babban da ke kula da wannan ɓangaren yana fama da ciwon baya.