Haladu Faramedik Da Ƙafar Fara

Wani mutum ne a kasuwarmu ta bakin tasha, Haladu, wanda in ya buɗe baki ko jiniya sai ta yi shiru ta saurara. Kullum yana cikin wata koriyar riga mai ƙyalli, da rubutun boko a gadon baya. Wai shi faramedik ne, irin ma'aikatan nan da ke bin motar asibiti suna ceton rai kafin a kai ga likita.

Ni Tabawa, fara nake soyawa. Tun rasuwar maigidana Malam, Allah Ya ji ƙansa, maza ke zarya gaban tirena ina kora su, don ni ba a taya ni da arha. Mijina wakilin Sarkin Kasuwa ne guda, na kuwa rantse ba zan shiga ɗakin marar muƙami ba. Haladu ya ji wannan labari, ya ɗaura niyya.

Ranar da ya fara zuwa ya ce, "Hajiya, kin san da wa kike magana? Faramedik!"

Na ce, "Fara mai daɗi? Ga ta nan, amma ba a ɗanɗanawa kyauta."

"Ba fara ba, Hajiya! Fa-ra-me-dik! Jiya ma wani ya so ya mutu a hannuna, na ce masa bai isa ba. Akwai wanda tirela ta raba biyu, na haɗa shi, yanzu haka ƙwallo yake bugawa."

Bakinsa na zuba, hannunsa na cikin tirena. Ƙurus, ƙurus.

Ana nan sai rediyon mai shayi ya ce an kafa doka: duk wanda bai yi karatun aikin ya sami shaidar hukuma ba, in ya kira kansa faramedik, hannun 'yan sanda zai faɗa. Na zuba wa Haladu ido. Ko gezau.

Ya ce, "Ai ni na ba su shawarar. 'Yan bogi sun ishe mu."

To, mutumin da hukuma ke jin shawararsa ai ba a yar da shi ba. Na ce ya turo manyansa.

Kafin manyan su zo, ranar kasuwa, Ɗanlami mahauci ya cika baki da fara yana dariya, ƙafa guda ta maƙale masa a maƙogwaro. Ƙwak! Ƙwak! Idanu suka yo waje. Kasuwa ta ɗauka, "Ina faramedik? A kira faramedik!"

Na waiga, sai ga Haladu yana sulalewa ta bayan teburin mai shayi. Na cafko rigar. Na ce, "Ango, ina zuwa? Ga ranarka."

Ya zagaya Ɗanlami a hankali. Ya ɗan shuri ƙwaurinsa kamar mai duba iskar taya. Ya ce, "A kawo ruwa a bokiti!" Aka kawo. Shaaa! Ya sheƙa masa tun daga ka. Ya zaro tsumma daga aljihu, ya hau goge masa fuska, yana hura baki yana sake gogewa, sai ka ce gilashi. Sannan ya buɗe bakin bawan Allah ya leƙa, ya girgiza kai.

"Batir ne ya yi sanyi. Ku tura shi!"

Allah Ya taimaka wani ya riga ya buga waya. Wiii-wiii, sai ga motar asibiti. Wata mata ta diro, Malama Kubura, faramedik ta gaske. Ta zagaya bayan Ɗanlami, ta rungumo cikinsa ta matsa sama. Fit! Ƙafar fara ta yi tsalle ta sauka kan hular Haladu.

Ɗanlami ya ja numfashi ya ce, "Alhamdu lillahi. Wane ɗan banza ne ya jiƙa ni?"

Mutane suka yi nuni, Malama Kubura ta bi yatsunsu da kallo. "Haladu? Tun safe muke cigiyar mai wanke mana mota, ashe kana nan! Tsaya, wannan ba rigata ba ce da na shanya ta ɓace?"

Kasuwa ta kwashe da dariya. Rigar mace!

Kofur Isiyaku, ɗan sandan tasha, ya matso yana kaɗa kulki. "Kai ne mai kiran kanka faramedik? Ba ka ji doka ba?"

"Ni? Ranka ya daɗe, wallahi fara mai daɗi nake cewa! Talla nake yi wa Hajiya. Hajiya, don Allah faɗa masa!"

Na gyara ɗaurin kallabi. Na ce a hankali, "Ni ba na shaidar zur. In ɗan tallana ne kai, ga tire."

"Yau kaɗai, Hajiya?"

"Har fara ta daina tsalle."

"Haba Hajiya, zuwa ƙarshen kaka dai..."

Na ɗaga murya, "Kofur, gaskiyar magana..."

"Na yarda! Na yarda!"

Na aika wa manyansa su yi zamansu, kada su ɓata takalmi. Shi kuwa yanzu in ya gama wankin mota sai ya ɗora tirena a ka ya shiga kasuwa, yana cewa, "Fara mai daɗi," can ƙasa-ƙasa. Da Ɗanlami ya hango shi sai ya ajiye wuƙa ya daka tsawa:

"Wiii-wiii! Jama'a ku ba da hanya, ga gaggawa ta taso!"