Dusar da Ba Ta Iso Ba

Ba zan taɓa mantawa da shekarar farin nan da shanu suka koma cin kwali a titunan Damagaram ba. Lokacin ina aiki a biron wata ƙungiya mai raba wa makiyaya dusa. Ni ne mai ordinatar, wato kwamfuta, ina ji da kaina kamar ni na ƙera ta.

Na rubuta musu 'yar manhaja, na rarraba ta fayil-fayil, kowace taga da nata (don dai a ce ni gwani ne). A wata taga akwai maɓallin da in an danna, saƙo zai tafi wayoyin masu gari cewa dusa ta iso, a zo a ɗauka. Saura umarnin abin da zai faru in an rufe tagar. Ƙyuya ta hana ni rubuta sabo, sai na kwafo na maɓallin na liƙa, wai zan gyara bayan la'asar. La'asar ɗin ba ta taɓa yi ba.

Direkta ya zo dubawa, ya yaba, ya ja mini kunne kada a taɓa maɓallin don motar dusa ko tasowa ba ta yi ba. Sannan ya rufe tagar da hannunsa. Ni kuwa na raka shi har ƙofa ina washe baki.

Washegari da hantsi amalanke da jakuna suka cika layinmu, daga Zermu har Garagumsa. A sahun gaba ga surukina daga Zermu, mahaifin matata Hadiza, mutumin da ko ido ban iya haɗawa da shi. Direkta ya ce in fita in yi bayani da bakina. Na durƙusa ina inda-inda, taga kaza, maɓalli kaza, gumi har cikin takalmi. Tsohon bai ko dube ni ba, sai ya juya ga na kusa da shi.

"Ku tambayi mijin Hadiza, san amalanken nan da ya jawo ni, da ƙyar yake tsayuwa. Shi zai gaya masa ya koma haka nan?"

Wallahi na so ƙasa ta tsage. San bai kai damina ba, kuma wannan har yau yana ci mini rai.

Tun daga nan ba na tashi kan kujera sai na gwada kowane maɓalli, na rufe kowace taga na ga abin da za ta yi. Amma Zermu ba ta manta ba. Da Hadiza ta haihu na tura saƙon suna, tsohon sai ya kira ta ya tambaya ko jaririn ya iso da gaske, ko irin ta dusa ce.