Shafi Goma a Rana, Bayan Abinci

"...lafiya lau, sai dai idanuna da suka wayi gari da ganinki," in ji tsohon, ko motsawa bai yi daga kujerarsa ba. "Wa ya bar ƙofa a buɗe?"

"Ƙofar ce ta buɗe kanta, ta gaji da kallon fuskarka. Ina kwana, Malam Bayan-Abinci? Ashe kana nan. Ni da na zo da niyyar ɗaukar kujerar nan a rabon gado."

"Kujerar nan sai ta ga jikokinki sun yi furfura."

Hantsi ne na ranar Laraba. Shekara talatin da huɗu tsohon ya yi a bayan tagar ɗakin magani na asibiti, yana ƙirga ƙwayoyi, yana rubuta ƙa'idar sha a 'yar farar takarda yana manna wa kwalba, kuma daga nan jikarsa ta samo sunan da take kiransa da shi. Ita a laburare take aiki, shi ya sa yake ce mata Malama Shiru, ko da yake tun daga bakin titi ake jin muryarta da ƙarar sandar ƙarfen da take dogarawa tun tana 'yar shekara biyar. 'Yar ɗansa ce, ɗan da ya rasu shekara huɗu da suka wuce.

"Jingine sandarki can nesa, kada ta koya wa tawa rashin kunya."

"Tawa likita ya ba ni. Taka tsufa ya ba ka, kuma bai haɗa maka da takardar yadda ake amfani da ita ba." Ta zauna a hannun kujera, inda ya hana kowa zama. "Aiki ya kawo ni. Ranar Asabar zan buɗe zaman masu karatu a laburare, mutum goma sha huɗu sun rubuta suna. Littattafan zane na ban tsoro za mu yi, da labaran da masu karatu ke ɗorawa da kansu a kan na marubuta, irin waɗanda ake sa kowa a ciki, makaho da kurma da mai sanda. An ce in kawo jerin abin da za a fara da shi. Na samo wasu a intanet, sauran suna cikin kwalin Abba."

"Wane kwali? Tuni mai kwasar shara ya tafi da shi."

"Allah ya shirye ka."

Ya cire tabarau ya hau goge shi da gefen riga. Kwalin yana nan a ƙasan kabad, bayan takalman da ya daina sawa. Littattafan zanen ba su dame shi ba, ko duka ta kwashe. Abin da yake tsoron ta ɗauka shi ne shuɗin littafin rubutu da ke can ƙasa, wanda yaron, wato marigayin, ya cika da hannunsa. Shafi uku suka rage masa a ciki waɗanda bai karanta ba, kuma su kaɗai ne maganar ɗansa da bai riga ya ji ba a duniya.

"Ni ban ma san me kuka gani a shirmen nan ba," ya ce. "Mutum da hankalinsa ya zauna yana kallon zanen fatalwa. Ubanki yana aji biyu na fara ƙwace masa su. A kabad ɗin magunguna masu haɗari nake kulle su, tare da guba."

"Shi kuma ya gano inda kake ɓoye makulli."

"A cikin safa! Wa zai yi tunanin duba safar mutum?"

"Mai ƙarfin hali da toshewar hanci. To ji jerin nawa, ko da yake ba ganewa za ka yi ba." Ta zaro waya. "Na farko, wanda benen gidan yake ƙara mataki ɗaya duk safiya."

"A'a. Ba a farawa da shi."

"Na'am?"

"Ya yi ƙarfi ga sabon shiga. A fara da na matar da inuwarta ke riga ta isa gida. Idan jiki ya saba, sai a ƙara."

Ta sauke wayar a hankali, ta ƙura masa ido. "Ina ka san matar inuwa?"

"A wurin aski na ji ana faɗa."

"Wurin aski? Kai da gashinka ya yi ritaya tun kafin a haife ni?"

"Hira nake zuwa yi."

"To a wurin askin, me suka ce game da na lif ɗin hawa bene na asibiti?"

"Sun ce zanen ya yi kyau amma marubucin bai taɓa shiga asibiti ba. Wa yake ajiye ɗakin magani kusa da..." Ya kama bakinsa, amma ya makara.

Kafin ya lalubo sandarsa ta riga ta shige ɗaki. Ya ji ƙarar ƙofar kabad, ya ji takalma na zubowa. Sai ga ta tana turo kwalin da ƙafarta mai lafiya, tana haki, tana dariya.

"Mai kwasar shara ya dawo da shi, har ya goge masa ƙura!"

"Ɓarauniya 'yar ɓarawo."

"Jikar wa?" Ta zauna a ƙasa, ta ɗauko na sama, ta juya bayansa. Dariyar ta tsaya, sannan ta dawo fiye da da. A bayan littafin akwai 'yar farar takarda irin ta kwalbar magani, da ƙananan rubutunsa a tsaye kamar sojoji. Ta karanta da ƙarfi: "'Shafi goma a rana, bayan abinci. Kada a karanta a gida mai bene.' Wayyo cikina! Tsoho, magani ka mayar da su?"

"Ajiye. Ba naki ba ne."

Ta ɗauko wani. "'Ba na masu hawan jini ba. Na gwada.'" Wani kuma. "'Babu tsoro a ciki, zanen ne kawai mai muni. Ana iya ba yara.' Wannan fa: 'Idan an ga labule na motsi, a dakata kwana biyu, a sha ruwa da yawa.' Kai ne ka dakata?"

"Iska ce ta yi yawa a makon."

"Sittin da ɗaya ne a kwalin nan. Duk ka karanta?"

"Dubawa na yi. Ba a ba jama'a abin da ba a gwada ba."

Gaskiyar ita ce, bayan an watse daga zaman makoki gidan ya yi masa faɗi, sai ya buɗe kwalin don kawai ya ji ƙamshin tsohuwar takarda. Ya tarar da yatsun yaron a ko'ina: tabon shayi, kusurwar da aka naɗe, wani wuri an rubuta "ƙarya ne!" da fensir a gefen wani dodo. Ya fara karantawa don ya ga abin da yaron ya gani. Fiye da shafi goma ba ya iyawa a zama ɗaya, kuma ba fatalwa ce ke hana shi ba.

"Shi ke nan, na samu jerina," ta ce. "Da takardun zan kai su. Za a yi ta layi ana cewa a ba ni na hawan jini."

"Kwashe ki tafi, ki bar ni in huta."

Amma hannunta ya riga ya kai ƙasan kwali. Ta ɗago shuɗin littafin, ta ɗora a cinya, ta shafa bangon.

"Wannan na fi zuwa nema," ta ce. "Da shi zan buɗe zaman. Ka tuna yadda aka yi shi?"

Ya tuna. Tana 'yar shekara tara ta yi jifa da wani littafin zane har ya bugi tukunyar fure, ta ce duk mai sanda a labaran nan a shafi na huɗu ake cinye shi. Washegari ubanta ya sayo littafin rubutu, ya ɗauki yarinyar da aka cinye ɗin, ya fito da ita daga cikin lif da ranta da sandarta, ya sa mata suna Mai Sanda. Ya haɗa ta da ƙawa kurma wadda kiran fatalwa ba ya kama ta, da wani makaho da duhu bai taɓa rage shi da komai ba. A kan bencin jiran likitan ƙashi yake karanta mata, yana canza murya, har ma'aikatan jinya suna rage tafiya don su ji. Tsohon yana hango su ta tagar ɗakin magani, yana girgiza kai, yana cewa babba da shi.

"Akwai biyu a cikin masu zuwa da keken guragu suke tafiya," ta ce. "Ina so su ji cewa an taɓa rubuta wadda ba a cinye ba." Ta juya bayan littafin. "'Shafi ɗaya a wata.' Kai, wannan ai rowa ce. Tsaya." Ta buɗe daga ƙarshe, ta ga kilif, ɗan ƙarfen matse takarda, ya haɗe shafukan da suka rage, ta ga kwanan watan da yake rubutawa da fensir a ƙasan kowane shafi. "Malam Bayan-Abinci! Wata biyu ka tsallake! Kai da ka shekara talatin kana yi wa mutane faɗa ta taga: a ƙarasa magani ko an ji sauƙi, a ƙarasa magani! Ni kaina sau nawa ka toshe mini hanci ka ɗura mini na ƙarshe?"

"Likita ba ya shan abin da ya rubuta."

"Ba likita ba ne kai, mai ƙirga ƙwaya ne. Bari in taimake ka, ni na san ƙarshen tun ina yarinya. Mai Sanda tana isa hawa na ƙarshe sai..."

"Rufe mini baki!"

Muryar ba ta wasa ba ce, shi kansa ya ji. Ta janye hannunta daga kan shafin. Wata mota ta wuce a titi. Ya mayar da tabaransa, ya dubi bango.

"Idan na karanta su," ya ce, "ya gama yi mini magana ke nan."

Ta daɗe tana kallon kilif ɗin. Sannan ta rufe littafin ta miƙa masa da hannu biyu.

"Riƙe abinka, Kaka. Zan ba su labarin da ka."

"Kaka" fa ta ce. Rabon da ta kira shi haka tun ranar jana'iza, kuma bai ji daɗinsa ba ko kaɗan. Ya karɓi littafin, ya ji nauyinsa a tafin hannu. Ya tuna bencin nan, da yaron yana yin muryar dodo a gaban jama'a ba kunya. Ba don a kulle a kabad ya rubuta shi ba. Kullewa aikin ubansa ne tun asali.

"Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma kada ki faɗa mini abin da ya faru. Ya ƙare labarin?"

"Abba? Ya taɓa ƙare wani abu? Kantar littattafan da ya haɗa mini a ɗaki har yau ƙafa uku gare ta." Ta goge ido da bayan hannu. "Na tambaye shi, ya ce irin wannan labarin ba a rufe shi. Wanda ya karanta shi ke ɗorawa, kamar yadda shi ma ya ɗora a kan na wani."

"To idan ukun nan suka ƙare fa?"

"Sai in ɗora. Akwai fararen shafuka a baya sun fi ashirin. Har na san wanda zan ƙara a ciki: wani tsoho mai sanƙo, mai tsoron labule."

"Jarumin ke nan."

"A shafi na huɗu za a cinye shi."

"Ni? Dodon da ya cinye ni sai ya kwana uku yana neman maganin ɓacin ciki, kuma ba mai ba shi, don ni kaɗai na san inda yake."

"To na biyar."

"Na goma, kuma sai bayan abinci."

"Ai kai ne abincin!"

Dariyar ta ƙwace masa har da tari, sai da ta buga masa baya, ya ce ta yi da gangan don ta gaji kujera. Da ya samu numfashi ya jawo aljihun tebur, ya ciro ragowar fararen takardunsa da biro. Ya rubuta a hankali, ya manna a kan tsohuwar takardar, ya danne da babban yatsa kamar yadda ya saba, ya miƙa mata littafin.

Ta karanta: "'Da safe, a ba masu karatu daga farko, gwargwadon buƙata. Da la'asar a dawo da shi gidan nan. Shafi ɗaya duk Asabar, daga bakin Malama Shiru, da muryoyin duka. A ƙarasa.'"

"Kilif ɗin kuma ni zan cire da hannuna," ya ce.

"Muryar dodon fa? Ban iya ta kamar Abba ba."

"Yi magana yadda kika saba kawai. Ɗauki kwalinki ki fita mini daga gida."