Ranar da Na Yi wa Talaucinmu Kwalliya

Kaf Sharada babu wanda ya kai ni iya tarbar baƙo. Shi ya sa da wata gidauniya ta ce za ta duba ajin yaƙi da jahilcin da muke yi wa leburorin kamfani kafin ta ba mu tallafin rufi, na ce a bar min komai. Na aro kafet da kujerun biki, na lulluɓe ɓulallen kwanonmu da farin yadi, na sha babbar riga.

Hajiyar da suka turo ta jima tana kallon sama, sannan ta ce, "Alhaji, ai kun fi ƙarfinmu." Tallafin ya tafi wani ajin a Dakata.

Har yau in ruwa ya tsiyayo mana, Malam Sani ɗalibinmu yakan janye littafinsa ya ce, "Shugaba, a sake aro mana yadin nan."